Mota ce ko direba? Bayani kan aikin direban Formula 1 da 'yan gani-kashe-ninsa

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2024 da anka sanar cewa Lewis Hamilton zai bar Mercedes ya koma Ferrari, masu bin tseren motoci na Formula 1 a nan Sakkwato, waɗanda ba su kai masu bin ƙwallo yawa ba amma kullum ƙaruwa suke, sunka shiga wata gardama da har yau ba ta lafa ba. Mutumin da ya ci kambun duniya sau 7 ya je kamfanin da ya fi kowane suna a wasan, sai ga shi ya gama kakar 2025 bai shiga ukun farko ba ko sau ɗaya a babban tseren Lahadi, abin da bai taɓa samun shi ba tun da ya fara a 2007. Wasu sunka ce tsufa ne, wasu sunka ce motar ce ba ta da kirki, wasu kuma sunka ce ai dama can motar Mercedes ce ta ɗauke shi ba gwanintarsa ba. Ga kuma sababbin dokokin 2026 da sunka canza inji da siffar mota gaba ɗaya, sai wanda ya fara kallo kwanan nan ya rasa ma inda zai kama. Mafi yawan ruɗanin daga wuri ɗaya yake tasowa, ana kallon direba kamar ɗan dambe da ke shiga fage shi kaɗai, alhali shi ma'aikaci ne a cikin wata ƙatuwar masana'anta, kuma har farin jinin da yake da shi wurin jama'a yana cikin abin da ake biyan shi dominsa.

## Su wa ke cikin wasan

Formula 1 shi ne matakin ƙoli na tseren motoci a duniya, an fara gasar a 1950. Hannu uku ke riƙe da shi. Akwai hukumar FIA mai hedikwata a Faransa, ita ke kafa doka, ita ke ba da lasisi, ita ke hukunci, shugabanta tun Disambar 2021 Mohammed Ben Sulayem ne, mutumin Daular Larabawa. Akwai kamfanin Liberty Media na Amurka da ya sayi harkar kasuwancin wasan a 2017, shi ke sayar da izinin nunawa a talabijin, shi ke karɓar kuɗi wurin ƙasashen da ke son a yi tsere a garinsu. Sai kuma kamfanonin da ke ƙera motocin, irin su Ferrari da Mercedes da McLaren da Red Bull. Kowane kamfani mota biyu yake sakawa, direba biyu ke nan. Shekara da shekaru kamfani 10 ne, kujera 20, sai a 2026 Cadillac ya shigo sunka zama 11, kujera 22. Kujera 22 kacal a duk faɗin duniya, wanga adadi shi ke bayyana kusan duk wata rigima da ke cikin sana'ar.

A 2024 da 2025 an yi tsere 24 a kowace shekara. Wanda ya zo na ɗaya maki 25, na biyu 18, na uku 15, a haka har na goma mai maki 1, daga na sha ɗaya zuwa ƙasa babu komai. Kofi biyu ake nema, na direbobi da na kamfanoni. Jama'a na direbobi sunka fi damuwa da shi, amma rabon kuɗin gasa a ƙarshen shekara matsayin kamfani yake bi, shi ya sa wani lokaci za ka ji an kira direba ta rediyo an ce ya ba abokin aikinsa hanya, masoyansa su yi ta kumfar baki, shi kuwa dole ya bi don mai biyan albashi ne ya yi magana.

## Kafin a kai ga kujerar

Babu wanda ke shiga wagga sana'a da girmansa. Ana farawa tun ana shekara 6 zuwa 8 da ƙananan motocin kat, masu ƙaramin inji da ba su da rufi, daga nan Formula 4, Formula 3, Formula 2. FIA ba ta ba da babban lasisi sai mutum ya tara maki 40 daga waɗannan ƙananan gasanni cikin shekara uku. Max Verstappen ya shiga Formula 1 a 2015 yana ɗan shekara 17, bayansa ne anka sa dokar sai an kai 18, ko da yake daga baya an ɗan buɗe ƙofa ga mai 17 in hukuma ta gamsu da shi.

Matsalar ita ce a duk waɗannan matakai ba a biyan yaro, shi ke biya. Kakar Formula 2 guda ɗaya tana iya cin sama da yuro miliyan 2, ban da shekarun baya da anka kashe a kat da tayoyi da injuna da tafiye-tafiye. To dole ɗaya cikin uku, ko uba mai kuɗi, ko attajirin da zai ɗauki nauyi, ko makarantar horon matasa ta ɗaya daga manyan kamfanoni ta ɗauke ka. Lance Stroll mahaifinsa Lawrence Stroll ne mai kamfanin Aston Martin da yake tuƙa wa. Verstappen mahaifinsa Jos tsohon direban Formula 1 ne. Hamilton, wanda anka haifa a garin Stevenage na Ingila a 1985, ya fito daga gida mai ƙaramin ƙarfi, mahaifinsa Anthony ya riƙa haɗa ayyuka fiye da ɗaya don biyan kuɗin kat, sai McLaren sunka ɗauke shi a 1998 yana ɗan shekara 13. Labarinsa na jan hankali ne saboda irinsa ba su da yawa, kuma har yanzu shi kaɗai ne baƙar fata da ya yi tsere a Formula 1. Kwamitin da ya kafa ya fitar da rahoto a 2021 cewa baƙaƙen fata kusan kashi 1 cikin 100 ne na ma'aikatan wasan.

Don haka in an ce waɗannan su ne direbobin da sunka fi kowa iyawa a duniya, gaskiyar maganar ita ce su ne sunka fi iyawa cikin waɗanda sunka samu halin gwadawa.

## Yadda aikin yake

Mai kallo awa ɗaya da rabi na Lahadi yake gani. Direba kuwa tun Alhamis yake filin, ranar 'yan jarida ce da masu talla. Juma'a gwaji sau biyu, Asabar gwaji ɗaya sannan gasar neman layi, inda wanda ya fi saurin zagaye ɗaya shi zai tsaya gaba ranar Lahadi. A tsere shida cikin shekara akwai kuma gajeren tsere na Asabar mai nasa maki. Tsakanin waɗannan duka zaman mitin ne da injiniyoyi, ana duba bayanan da na'urorin cikin mota sunka tara, a ina ya taka birki, a ina ya saki, me ya sa abokin aikinsa ya fi shi da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kwana kaza. In an dawo gida kuma sai masana'anta, ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi ya wuni yana zagaya filin da za a je mako mai zuwa a kwamfuta. Daga Maris zuwa Disamba haka ake, daga Ostareliya zuwa Japan zuwa Turai zuwa Amurka zuwa ƙasashen Larabawa, jiki bai gama sabawa da agogon wuri ba an tashi.

Tseren kansa kimanin kilomita 305 ne, kusan kamar ka tashi daga Sakkwato ka je Birnin Kebbi ka juyo, a yi shi cikin awa ɗaya da rabi a hanya mai kwana-kwana, a miƙaƙƙen wuri mota na haura kilomita 330 a awa. Direba kwance yake kusan rigingine, ƙafafu sama, an ɗaure shi tamau. In ya taka birki ko ya sha kwana da gudu, nauyin da ke danne shi na kai ninki biyar na nauyin jikinsa, kai da hular kwano su yi ta rinjayar wuya, shi ya sa za ka ga wuyansu kauri kamar ba na jikinsu ba, atisaye na musamman suke yi masa. Sitiyarin hannunsa na da maɓallai sama da 20, yana canza giya da yatsu, yana daidaita birki, yana sarrafa batir, ga injiniya na yi masa magana a kunne cewa tayar gaba ta hagu ta yi zafi ya lallaɓa ta. Ga kayan da ba sa kama wuta hawa-hawa a jikinsa. A tsere mai zafi mutum na iya zubar da kilo 2 zuwa 3 na gumi. A Katar a Oktoban 2023 zafi ya kai inda Esteban Ocon ya yi amai cikin hularsa yana tuƙi ya kuma ƙarasa tseren, Logan Sargeant kuwa ya kasa ya ajiye mota. Duk wanda ya san ranar Afrilu a Sakkwato ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai haɗari. Ayrton Senna ya mutu a filin Imola na Italiya ranar 1 ga Mayun 1994, kwana ɗaya bayan mutuwar Roland Ratzenberger a fili guda. Jules Bianchi ya yi haɗari a Japan a 2014 ya rasu a 2015. Kowace mutuwa ta jawo gyara, na baya-bayan nan mafi girma shi ne ƙarfen da ke kewaye kan direba da anka wajabta a 2018. Lokacin da anka kawo shi masoya da dama har da wasu direbobi sun ƙi shi, sunka ce ya ɓata kyan mota. A Baharen a 2020 motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannu, daga ranar ba a cika jin mai kushe ƙarfen ba.

## To mota ce ko direba

Nan ne gardamar take, kuma kowane ɓangare na da hujja mai ƙarfi.

Masu cewa mota ce suna kawo abin da ya faru a Disambar 2020. Hamilton ya kamu da korona, Mercedes sunka aro George Russell daga Williams, kamfanin da ke can ƙarshen layi, yaron da bai taɓa samun maki ko ɗaya ba a lokacin. Ya shiga motar Hamilton da ko daidai jikinsa ba ta yi ba, ya tsaya na biyu a layi, ya jagoranci mafi yawan tseren, da ba don makanikai sun rikita tayoyi ba sannan wata ta yi faci da shi zai ci. Suna kuma kawo Fernando Alonso, zakaran 2005 da 2006, wanda kowa ya yarda gwani ne amma tun 2013 bai sake cin tseren Formula 1 ba don bai sake dacewa da mota mai ci ba. Kuma gaskiya ne babban kamfani na da ma'aikata sama da 1,000, su ke zana mota, su ke gwada ta a ramin iska, ɗakin da ake hura mata iska don a ga yadda za ta ratsa ta, su ke ƙera kowane ƙarfe, direba ba ya iya cike gurbin daƙiƙa guda da motarsa ta gaza da ita komai iyawarsa.

Masu cewa direba ne su kuma suna nuna 2023. Red Bull sun ci tsere 21 cikin 22, amma Verstappen ne ya ci 19, abokin aikinsa Sergio Perez mai mota iri ɗaya ya ci 2. In mota ce kaɗai, ina sauran? Suna kuma nuna ranakun ruwan sama, inda ƙarfin inji ba ya amfani sosai, sai hannu da zuciya.

Ma'aunin da masu sana'ar kansu ke amfani da shi shi ne abokin aiki, don shi kaɗai ke da mota irin taka. In an auna 2025 da wanga ma'auni abubuwa biyu ke fitowa tare. Motar Ferrari ba ta ci babban tsere ko ɗaya ba a shekarar, ko a hannun Charles Leclerc, don haka mai cewa motar ba ta kai ba bai yi ƙarya ba. Amma Leclerc ya shiga ukun farko sau da dama kuma ya gama gaban Hamilton a maki, don haka mai cewa Hamilton bai fitar da duk abin da ke cikin motar ba shi ma bai yi ƙarya ba. Abin da magoya bayansa ke ƙarawa shi ne ya yi shekara 12 a Mercedes, jikinsa ya saba da birkinsu da injinsu da muryar injiniyansu, Leclerc kuwa tun 2019 yake Ferrari. Abin da ya faru a Sin a Maris 2025 ya nuna yadda lamarin ke da sarƙaƙiya, Asabar Hamilton ya ci gajeren tsere, Lahadi anka soke sakamakonsa don katakon ƙarƙashin motarsa ya cinye fiye da ƙa'ida, abin da ba shi ya auna ba, ba shi ya ɗaura ba.

Akwai ma wuri ɗaya da direba ba shi da abin yi sai ya tsaya daidai kan alama. Lokacin canjin taya mutum kusan 20 ke jiran shi, kowace taya mutum uku, ɗaya ya kwance goro da bindigar iska, ɗaya ya zare tsohuwa, ɗaya ya saka sabuwa, wasu sun ɗaga gaba da baya, a gama cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya. McLaren sun taɓa yi cikin daƙiƙa 1.8 a 2023. In goro ɗaya ya ƙi, aikin direba na mako guda ya tafi, kuma sunansa ne za a gani a ƙasan jeri ba na makanike ba.

## Albashi da sallama

Ba a buga kwantiragin direbobi a fili, alƙaluman da ke yawo a intanet ƙiyasin 'yan jarida ne, amma sun daidaita kan cewa manya irin Verstappen da Hamilton na karɓar dala miliyan gommai a shekara, sababbin shiga kuma abin da ba ya wuce miliyan ɗaya ko biyu. Tun 2021 anka ƙayyade abin da kamfani zai kashe a shekara, an fara da dala miliyan 145, Red Bull ma sun ɗan haura a shekarar farko anka ci su tarar dala miliyan 7. Sai dai albashin direbobi ba ya cikin wannan ƙayyadewa, shi ya sa mai kuɗi ke iya zuba ko nawa ne kan direban da yake so.

Ɗaya gefen shi ne babu tabbas. Nyck de Vries tsere 10 ya yi a 2023 anka sallame shi. Liam Lawson tsere biyu kacal ya yi wa Red Bull a farkon 2025 anka mayar da shi ƙaramin kamfaninsu. Perez na da kwantiragi a hannu anka rabu da shi a ƙarshen 2024. Kullum akwai yaro ɗan shekara 18 a bayan gareji yana jiran kujerarka, wani ma da jakar kuɗin masu talla ya zo.

## Masoya, da yadda sunka zama jari

Soyayyar wasan iri biyu ce. Akwai ta kamfani, wadda Ferrari ta fi kowa, duk shekara a filin Monza na Italiya jan kaya ne ke rufe wurin, su ko wa ke tuƙa jar mota nasu ne. Akwai ta mutum ko ta ƙasa, kamar mutanen Holan da ke bin Verstappen gari-gari da riguna ruwan goro, har farin jininsa ya taimaka anka dawo da tseren ƙasarsu a 2021 bayan shekara 36. Komawar Hamilton Ferrari ta haɗa iri biyun wuri guda, direban da ya fi kowa mabiya, sama da miliyan 30 a Instagram, da kamfanin da ya fi kowa masoya, don haka ko kafin ya taka mota cinikin ya riga ya biya ta fuskar talla da sayar da riguna da huluna.

A da ba haka abin yake ba. Zamanin Bernie Ecclestone, wanda ya riƙe kasuwancin wasan kafin Liberty Media, an tsare hotunan wasan sosai, ba a damu da soshiyal midiya ba. Da Liberty Media sunka karɓa sai sunka saki, ga gajerun bidiyo, ga muryar rediyon direbobi ana yaɗawa, ga shirin da Netflix ya fara a 2019 mai nuna abin da ke faruwa bayan fage, ya jawo matasa da mata da Amurkawa da ba su taɓa kallo ba, Amurka da ke da tsere ɗaya yanzu tana da uku. Tsofaffin masu kallo na ƙorafin an mayar da wasan fim, ana ƙara gishiri a saɓanin direbobi, Verstappen kansa ya taɓa ƙin ba shirin hira saboda haka. Masu kare tsarin na cewa ba don sababbin masu kallo ba da wasu kamfanoni sun durƙushe. Ko ma dai wane ne da gaskiya, sakamakon ga direba shi ne fuskarsa da halinsa da abin da ya wallafa sun shiga cikin aikinsa, yawan mabiyansa na cikin abin da ake dubawa ranar cinikin kwantiragi.

A nan garin mafi yawan masu bi ta waya sunka shigo, ta TikTok da YouTube, kuma da yawansu Hamilton ne ya jawo su, saboda launin fatarsa da labarin tasowarsa. Kallon kai tsaye kuwa SuperSport ke nunawa, sai dai tseren Turai ƙarfe biyu ko uku na ranar Lahadi agogon Najeriya yake farawa, bayan Azahar a gama wajen La'asar, daidai lokacin wasannin Firimiya. Mai gidan kallo a Mabera ko Runjin Sambo da ya sayi man janareta ba zai ba mutum biyar allo ya bar mutum hamsin ba, in an yi sa'a a bar masu ƙaramar talabijin ta gefe babu sauti, su riƙa bin jerin sunaye da lambobin da ke gefen allo, ɗaya na bayyana wa sauran me ya sa wane ya shiga canjin taya da wuri. Tseren Ostareliya wajen Asuba yake kamawa, na Meziko da mafi yawan na Amurka da dare. Wani abin da ya shafe mu kuma, watan azumi na taɓa jadawalin, a 2024 an yi tseren Baharen da na Saudiyya ranar Asabar don a gama kafin Ramadan, a 2025 kuma anka ɗage su zuwa Afrilu.

## Inda soyayya ke rikiɗewa

Abu Dhabi, Disambar 2021. Hamilton da Verstappen sun zo tseren ƙarshe maki daidai, 369.5 kowanne. Hamilton na gaba da tazara, saura zagaye biyar wani direba, Nicholas Latifi, ya daki bango, anka fito da motar rage gudu, wadda ke shiga gaba kowa ya bi bayanta a hankali har a share hanya. Verstappen ya shiga ya sa sababbin tayoyi, Hamilton ya zauna da tsofaffi don in ya shiga zai rasa matsayinsa. Alƙalin tseren Michael Masi ya bar motoci biyar kaɗai da ke tsakaninsu sunka wuce, ba duka motocin da na gaba sunka riga sunka fi su da zagaye guda ba, ya kuma janye motar rage gudu da wuri don a samu zagaye ɗaya na tsere, Verstappen ya wuce ya ci kambu, kambu na takwas ga Hamilton ta leƙo ta koma. Masoyan Hamilton har gobe cewa suke an yi masa fashi. Masoyan Verstappen na cewa shi bai karya doka ba, ya fi cin tsere a shekarar, kuma duk kamfanoni sun daɗe suna neman kada a riƙa ƙare tsere a bayan motar rage gudu. FIA ta cire Masi a Fabrairun 2022, rahotonta ya ce kuskuren ɗan Adam ne ba da mugun nufi ba, sakamako kuma ya tsaya.

Abin da ya biyo baya ya fi hukuncin muni. Latifi, wanda laifinsa kawai motarsa ta ƙwace, ya bayyana cewa an yi ta aiko masa da barazanar kisa. Watanni kafin nan, bayan karon Hamilton da Verstappen a filin Silverstone na Ingila, zagin wariyar launin fata anka yi wa Hamilton ruwansa a intanet har FIA da Formula 1 da Mercedes sunka fitar da sanarwar haɗin gwiwa. Kafar da ta kusanto da direba ga masoyinsa ita ta kusanto da shi ga mai zaginsa, shi ya sa da yawansu yanzu ma'aikata ke riƙe masu shafukan.

Hukuma ma ta sa ido kan bakin direba. Tun 2023 sai da izini zai yi furucin siyasa ko na addini a wurin tsere. A Singafo a 2024 an hukunta Verstappen kan ashar da ya yi a taron 'yan jarida, ya yi aikin al'umma a Ruwanda. Ƙungiyar direbobi ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa tana neman a ɗauke su manya a kuma faɗi inda kuɗin tara ke zuwa. Hujjar FIA ita ce yara na kallo kuma wasan na zuwa ƙasashe masu al'adu daban-daban, hujjar direbobi ita ce an manna wa mutum makirfo yana gudun kilomita 300 sannan a ce ya tauna magana. A 2025 an sassauta tarar.

## Abin da ya shafi mai kallo a nan

Dokokin 2026 sun sa kusan rabin ƙarfin mota daga batir zai fito, man kuma ba na rijiya ba ne, haɗaɗɗe ne mai ɗorewa, fukafukan mota na buɗewa suna rufewa, Audi ya shigo da injinsa. Duk lokacin da anka yi babban canji irin wanga jerin ƙarfi na iya birkicewa, a 2014 Mercedes ta haye, a 2022 Red Bull. Ma'ana mai kallo kada ya yi saurin yanke wa direba hukunci da sakamakon 'yan watanni, ya duba shi da abokin aikinsa tukuna. Mai sa kuɗi a cacar wasanni kuma, ban da abin da addini ya faɗa a kai wanda kowa ya sani, yana caca ne kan aikin mutum dubu da bai gani ba.

Sai batun kwaikwayo. Wasan mota da na babur a bikin aure da kan kwalta da dare ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu, kuma bidiyon tsere na ƙara wa wasu samari ƙaimi. Direban Formula 1 na gudu ne a rufaffen fili, kowa na tafiya gefe guda, ga shinge, ga likitoci da jirgi mai saukar ungulu na jira, kuma in ya tara makin laifi 12 cikin wata 12 a dakatar da shi tsere guda, kamar yadda anka yi wa Kevin Magnussen a 2024. A titin Ahmadu Bello kuwa ɗan kabu-kabu ne da mai a-daidaita da yara masu tsallakawa. Ƙofar da ta fi kusa ga matashi mai sha'awar wasan ba kujerar direba ba ce, ɓangaren injiniyanci ne da kwamfuta da makanikanci, inda kujerun dubbai ne ba 22 ba, ko da yake kusan duk masana'antun a Ingila da Italiya suke.

Nahiyar Afirka ba ta ga tseren Formula 1 ba tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993, kuma zakaran da ta taɓa fitarwa ɗaya ne, Jody Scheckter a 1979, a motar Ferrari. Hamilton ya sha faɗi a fili cewa yana son a dawo. A Disambar 2024 shugaba Paul Kagame ya sanar cewa Ruwanda na nema, Afirka ta Kudu ma na nema. Masu goyon baya na hango 'yan yawon buɗe ido da ayyuka da sunan ƙasa. Masu adawa na lissafin cewa ƙasa ce ke biya, dala miliyan gommai duk shekara ban da kuɗin gina fili mai babban lasisin FIA, kuma tikitin ya fi ƙarfin talaka. Suna nuna Koriya ta Kudu da ta yi daga 2010 zuwa 2013 ta daina, da Indiya da ta yi shekara uku kacal, da Malesiya da ta janye bayan 2017 don kuɗin da ake kashewa ya fi wanda ke shigowa. Jadawalin kuma ya riga ya cika da tsere 24, sabuwar ƙasa ba ta shiga sai wata ta fita ko an koma karɓa-karɓa, kuma Holan ta riga ta sanar cewa na 2026 shi ne nata na ƙarshe.